Majanyin Inna Aisa

A Limawa, in ka ga jariri ya yi shiru da tsakar rana, to yana bayan Inna Aisa. Sana'arta ƙuli-ƙuli, amma goyo ne ya yi mata suna. Ta goyi ƙannenta, ta goyi nata, ta goyi na maƙwabta, har ana tsokanarta wai bayanta ya fi katifa. Ga ta kuma da tambayar tsiya, ko mai gyaran rediyo ya zauna sai ta ji ta ina muryar take shiga.

Bara da damina kafaɗarta ta dama ta soma ciwo, da ciwon ya lafa sai ta ƙage. Hannu ba ya ɗaguwa, ba ya zagayawa baya. Ɗaurin ɗankwali ya gagara, balle na majanyi. Mai ɗori ya lalluba ya ce ba karaya, ba targaɗe.

Ana nan sai autarta Murja, da ke aure a Ringim, ta bugo waya. Bayan Babbar Sallah za ta yaye ɗanta Talha.

"Inna, ba ya barci sai a baya," in ji Murja. "In hannun bai saki ba, sai a kai shi gun kakarsa ta nan."

Inna Aisa ta ce ba komai, amma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ita da ta goyi 'ya'yan unguwa, a ce jikanta ya yi yaye a bayan wata?

Washegari ta nufi asibiti, aka tura ta sashen gashin ƙashi. Tana shiga ta dubi ma'aikaciyar, wata Mahbuba, ta ce, "'Yar nan, gasa ni za ku yi kamar tsire?"

Mahbuba ta yi dariya, ta ɗora mata tawul mai ɗumi. Sannan ta kwantar da ita, ta dafe kafaɗar da hannu ɗaya, ɗayan ya kama kan ƙashin damtse yana turawa a hankali yana saki.

"Me kike nema a ciki?"

"Inna, akwai jaka da ta lulluɓe gaɓar. Ita ce ta tsuke."

"Kamar salkar da ta daɗe ba ruwa?"

"Kusan haka. Shi ya sa ba a fizga, lallaɓa ta ake yi."

Wannan bayani ya kwanta wa Inna Aisa, har ta riƙa zuwa da sababbin tambayoyi. A gida tana sunkuyawa ta saki hannun yana lilo, tana hawan bango da yatsu kamar ƙadangare. Da Mahbuba ta ce ta sami tawul ta rataya ta baya, hannun lafiya ya riƙa jan mai ciwon sama, sai ta ce ita majanyi gare ta. Da shi ta yi ta fama, wani lokaci har da ƙwalla. Sannu ba ta hana zuwa: kafin Sallah yatsunta suka taɓo tsakiyar baya.

Ranar da aka kawo Talha, ta sha ɗamara, ta durƙusa ta ce, "Zo hau, maigidana."

Maigidan ya dube ta, ya maƙale kafaɗa, ya bi 'yan tsaki a guje. Ashe ƙafa ta yi ƙwari, goyo ya zama na yara. Matan gidan suka yi ta dariya. Ita ma ta yi, amma ta ji kunya, ta naɗe majanyin ta tura ƙarƙashin tabarma.

Bayan magariba, da ya nemi uwarsa ya rasa, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Aka ba shi kunu ya ture. Can sai Inna Aisa ta ji ɗan hannu yana bubbuga mata baya.

"Goyo," in ji Talha.

Ta jawo majanyin daga ƙarƙashin tabarma, ta sunkuya ya haye. Ta kai hannun dama baya ta tallafo shi, kafaɗar ta ɗan yi ƙara, amma ta kai. Kafin ta gama tamke majanyin, kansa ya yi nauyi a wuyanta.