Ranar da Yaya Ya Wanke Mini Kwarmin Kifi

Shekarun da aka ba mu jiha, kowa ya kwasa ya nufi Gusau neman aiki. Ni ma na je, na sha zaman benci har wandona ya goge, na dawo Ƙaura hannu rabbana. Baba ya dube ni ya ce ba zai ciyar da ƙato mai gemu yana zaune ba. Ya ba ni lungun bayan gida in gwada kiwon kifin da nake ta surutu a kai, amma sau ɗaya tak. In ya ƙi, in tattara in tafi Shinkafi in riƙa auna hatsi a rumfar kawuna. Ni kuwa na gwammace komai da barin gida.

Na gina kwarmi na siminti, na kafa duro a gefe ya zama matatar ruwa, na jera tsakuwa da gawayi da yashi a ciki. Wani dattijo Batibe, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya taɓa kiwon kifi a garinsu, shi ya ja mini kunne. Ya ce sabon siminti dafi ne ga kifi, sabuwar matatar ruwa kuma ɗanya ce, sai an bar ta ta nuna. In ɗebo duwatsun gulbi da yauƙinsu in haɗa, in yi ta juya ruwa har tsakuwar ta yi santsi, domin wannan yauƙin shi ke cinye ƙazantar kifi. Sabulu kuwa, ko inuwarsa kada ta gifta wurin.

Haka na yi. Makonni ina ɗibar ruwa da bokiti ina juyewa a duro, safe da yamma, har tafin hannuna ya yi kanta. Ruwan ya koma kore, yana ɗan ƙarni irin na bakin gulbi. Ni dai in na shaƙi ƙarnin nan daɗi nake ji, wallahi.

To, lokacin an fara Shari'a, gari ya ɗauki harama, yayana kuma ya fi kowa zafi. Mutumin da a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi asuba, yanzu shi ke duba tsawon wandon kowa a gida. Duk wucewar da zai yi ta lungun nan sai ya toshe hanci. Na yi masa bayani ya fi a ƙirga, yana gyaɗa kai, ashe ta bayan kunne yake bi.

Ranar da na tafi wajen masunta, Sarkawan Zurmi, karɓo 'ya'yan tarwaɗa, na ɗauro su a jarka bayan babur, ina lallaɓa kowane rami don kada su jigata. Ina shiga gida wari ya dake ni, warin bilic, ruwan wankin nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Na leƙa lungu, sai ga kwarmina fes, ana ganin ƙasansa. Tsakuwar duro an zazzage ta, an dirje, an shanya a kan tabarma fara tas. Yaya na tsaye da wando naɗe, yana murmushi, yana jiran godiya.

Na ce, "Yaya, mi ka yi haka?"

Ya ce, "Gyara na yi maka. Ruwan da launinai da ƙamshinai sunka sake ba ya da tsarki. Yana fantsar wa mutane a tufafi, su tai masallaci da shi. Wanga ba gidan ƙazamai ba ne."

Innalillahi! Na ce masa yaushe tarwaɗa ta fara alwala? Wa ya aike shi? Ya taɓa ɗaukar bokiti ɗaya a wurin nan? Na faɗi maganganu da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo ta katanga, kuma ko yau ban janye ko ɗaya ba. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi in ji tsoron Allah, gaba yake da ni.

Ga rana ta take, ga kifi a jarka sun fara taso da baki sama. Babu lokacin kuka. Na zubar da ruwan, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa, na karɓi bahon wanki na Inna na raba wasu a ciki, sauran na sake su a kwarmi ina addu'a. Amma siminti ya riga ya sha bilic, matatar ruwan kuma ta koma tsakuwar banza. Kafin la'asar sun fara juya farin ciki sama. Na bahon suka ɗan jure, su ma suka bi sahu. Da matsamin ƙosai na riƙa tsamo su, kaji na wawaso a ƙafafuna.

Na kai ƙara wurin Baba, ina zaton ko sau ɗaya za a ce babba ya yi kuskure. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Niyyar yayanka mai kyau ce. Kifin da ruwa mai tsabta ya kashe, da ma ba rabonka ba ne." Shi ke nan shari'ar gidanmu. Na roƙi a bar ni in sake gwadawa, ya ce magana ɗaya yake yi.

Ranar kasuwar Shinkafi ta zagayo ina cikin mota, da ƙullin kayana a cinya. Ƙuruciyata a can ta ƙare, tsakanin buhu da tiya, kuma ban sake zama a Ƙaura ba sai dai ziyara.

Kwarmin yana nan, Yaya na tara ruwan raguna a ciki. Zuwana na ƙarshe na tarar yana nuna wa wani baƙo, ban ko gama cire takalmi ba na ji shi yana cewa, "Ƙanena ne ya gina, don kiwon kifi. Yaro ne mai basira, sai dai Allah bai ba shi haƙuri ba."