Ranar da Na Ce Ina Tsoron Teku

Shekara huɗu maigidana yana ba ni labarin iyon da ya yi a gulbin Maraɗi yana yaro. Ni a Vaulx-en-Velin na tashi, a gefen birnin Lyon, a makaranta aka koya mana iyo, don haka ban taɓa tambayarsa zurfin gulbin ba. Sai da muka je hutu tsibirin Martinik, mu biyu kawai, gaskiya ta fito.

Washegarin saukarmu muka shiga teku a gaban otal. Ruwa ya kai masa ƙirji, igiyar ruwa ta ɗaga ƙafafunsa daga yashi, ya damƙi hannuna damƙar da ta bar shatin yatsu. Ya sake ni yana dariyar yaƙe, wai wani abu ya taka. Nan na gane. Bawan Allahn nan bai iya iyo ba ko kaɗan.

Duk da haka da hannunsa ya rubuta sunanmu a jirgin da ke kai baƙi kallon kunkurun teku, don ya san tun lokacin sanyi nake zancensu. Da muka bar gaɓa, mai jirgin ya ɗaga rigunan kariya ya ce wanda bai iya ruwa ba ya ɗaga hannu. Wata tsohuwar Baturiya ce kaɗai ta karɓa. Nawa gwanin ya harɗe hannuwa.

"Malam, amshi guda," na ce ƙasa-ƙasa da Hausa.

"Ni da rigar tsohuwa? Ke dai kula da kanki."

Jirgi ya tsaya inda ruwan ya yi shuɗi har ba a ganin ƙasa. Mutane suka fara faɗawa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zauna a gefen jirgin, ƙafafu a waje, yana kokawa da takalmin iyo. Jumla ɗaya ta Faransanci ta isa mai jirgi ya hana shi, amma na san halin mijina: in na tona masa asiri a gaban mutane, tsalle zai yi don ya ƙaryata ni. Na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, na kuma ji tsoron komawa Lyon ni kaɗai.

Saura mutum biyu a gabansa, sai na riƙe benci da hannu biyu, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. Na ce jiri nake ji, tsoro nake ji, kada ya bar ni. Ban taɓa ganin an cire takalmi da sauri haka ba. Ya dawo ya dafa kafaɗata, ya dubi mai jirgin ya ce, "Madam ce ke tsoro, sai haƙuri."

Kusan awa guda muka zauna cikin rana, ina jin ihun masu ganin kunkuru. Tafin hannunsa a kafaɗata sanyi ƙalau, bai kuwa ɗauke ba har muka dawo gaɓa.

Har yau in abokansa sun zo gida aka tabo zancen tafiyar, cewa yake yi tsorona ne ya hana shi ganin kunkuru. Su yi ta dariya suna tsokanata. Ni kuwa in ci gaba da zuba musu shayi, shi kuma ba ya yarda mu haɗa ido.