Na Je Guangzhou In Ɗauko Rabi Daga Aikin Alade

Da sunan Allah nake farawa. A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik, labari ya iso unguwarmu cewa 'yata Rabi, wadda ta tafi karatun likita, kiwon alade take yi. 'Yan'uwa suka ce in je in dawo da ita, na kuwa amsa.

Kano zuwa Guangzhou

Ran Talata ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida. Na bi jirgi zuwa Legas, daga can Addis Ababa, muka sauka Guangzhou ran Laraba ƙarfe uku na rana. Saboda wasannin an tsananta bincike. Jami'i ya juya littafina na ajami sama da ƙasa, ya miƙo mini.

Rabi ba ta zo tarye ni ba. Alhaji Ila, ɗan kasuwar Maraɗi, ta turo.

"Malam, ta ce lokacin ba su abinci ne."

"Aladun?"

"Wallahi ban tambaya ba, kada in ji abin da zai hana ni cin tuwo."

Ya sauke ni a masaukinsa a Liwan, muka ci taliyar Musulmin Sin da naman sa.

Alhamis, ɗakin bincike

Tafiyar minti arba'in ce a mota, Alhaji Ila ya raka ni. Rabi ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa a daƙile. Aka sa na wanke hannu, aka ba ni farar riga da safar hannu.

"Ina garken?"

"Ga shi nan, Baba."

Ta nuna mini faranti kamar murfin kwalba, da jan ruwa a ciki. Na leƙa madubin ƙara girma, na ga ɗigo-ɗigo kamar tsabar gero. Ta ce daga wani sashen cikin alade ake ciro su, su ne masu yin insulin, abin da mai ciwon suga ya rasa. Da sun bar jiki sai su soma mutuwa. Aikinta shi ne gyara ruwan da ake renon su, su daɗe, su yi ƙarfi, har wata rana a dasa wa mutum. Yanzu a jikin ɓeraye ake gwadawa. Da ta saɓa lokacin canza ruwan jiya, da aikin wata uku ya lalace.

"Baba, ka tuna allurar Inna safe da yamma, har aka yanke ƙafar?"

Na tuna. Ni na riƙe marigayiya mahaifiyarta a ranar.

Shugabanta, wani dattijo, ya ce ta fassara mini cewa na hannunta sun fi na kowa daɗewa. Ta sunkuyar da kai ta ƙi fassarawa, sai Alhaji Ila ya yi. 'Yar fari ce, bakina ba ya iya yabonta a gabanta. Na ce, "To, madalla."

Juma'a da komowa

Bayan salla a Masallacin Huaisheng na zauna ina bitar abin da na karanta a babin larura. Ban yanke wa kowa hukuncin dashen ba, wannan na manyan malamai ne. Nawa hukuncin a kan 'yata ne. Na ce mata, "Ki zauna ki gama. Allah ya yi albarka."

Ran Talata da la'asar na iso gida, zaure cike.

"Malam, ina Rabi?" in ji yayana.

"Tana can tana nema muku magani, Yaya. Kai ma sugan nan gare ka."

Na gode wa Alhaji Ila, na gode wa Allah da ya kai ni na gani da idona.