Albarkar Kawu

Ƙas! Ƙarar da agogon wasan ces ke yi ke nan idan ɗan wasa ya yi motsinsa ya danna. Kwanakin nan kullum ita ke fita daga wayata, domin ana gasar manyan gwanayen duniya, wadda duk wanda ya zo na ɗaya a cikinta shi zai je ya kara da zakaran duniya. Ni kuwa da na ji wannan ƙas ɗin sai haushin Kawuna ya taso mini sabo fil. Bari in gaya maka dalili, ka yi mana alƙalanci.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ɗakinsa na bakin zauren gidanmu a Agege. Dillalin raguna ne. Idan Babbar Sallah ta matso sai ya tare a kara, wato kasuwar dabbobi ta Alaba Rago, ya dawo mana yana warin tumaki da dusa, muryarsa a dushe saboda ciniki. Sunan kakarmu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Karatu ɗaya gare shi a duniya, kuma ba wanda bai biya wa shi ba a gidan nan: ba a karɓar tayin farko. Mai saye in ya taya, ka ce masa albarka, wato bai kai ba, ya ƙara. In kuwa ya riga ka miƙo hannu don a sallama, to ya matsu, sai ka ƙara riƙe igiyar ragonka.

Ces a firamare na koye shi, wurin malaminmu na lissafi, wani Bayarabe mai haƙuri. A gida ba wanda ya gane kan wasan. Kawu darar Turawa yake ce masa. Yakan tsaya a kaina ina gwaji a tsakar gida, ya ce wannan doki mai tafiya a karkace, da a kara ne ko tayawa ba za a yi ba.

Ina aji shida aka shirya gasar makarantun yankinmu. Biyun da suka zo kan gaba su za su wuce gasar jiha. Babanmu ya ce 'ya mace ba za ta tafi ba rakiya, Kawu ya ce shi zai kai uwarsa. Da damina ne, muka shiga motar haya ta danfo ana tsuga ruwa, shi da babbar riga da lema, ni da allon wasana cikin leda.

Na ci, na sake ci, har aka zo zagayen ƙarshe. Malam ya ja ni gefe ya yi mini lissafi. In aka yi canjaras kowa rabin maki yake samu, ni kuma rabin nan kaɗai nake nema. Yaron da zan kara da shi, wani mai tabarau, shi ma haka. Ka ga ai magana ta ƙare.

Muka zauna. Ɗakin tsit, ko tari ba a yi, sai ƙas, ƙas, da ruwa a kan kwano. Da wasa ya yi nisa yaron ya motsa dokinsa, ya ce a hankali mu yi canjaras, ya miƙo hannu. Wallahi har na ɗaga nawa.

"Albarka!"

Daga can ƙarshen ɗakin ta fito, da muryar da ake ji daga wannan gefen kara zuwa wancan. Kowa ya waiwaya. Alƙalin wasa ya taso yana roƙon Kawu da Yarabanci ya fita, Kawu na amsa masa da Yarabancin da ya fi nasa kauri, yana tafiya yana waige. A bakin ƙofa ya ƙara da Hausa, "Uwata, ya matsu! Kar ki sallama!"

Kai da ka san irin tarbiyyarmu, yaya yarinya za ta yi? A gaban jama'a zan ƙaryata ƙanin uwata? Na mayar da hannuna kan cinya, na girgiza wa yaron kai. Daga nan idona ya cika da hawaye, ban ƙara ganin allon da kyau ba. Na ajiye sarauniyata a bakin dokin nan mai tafiya a karkace, ya cinye ta. Yaron ya wuce gasar jiha, shi da wata yarinya da na lallasa da safe.

A danfo ina kuka, shi ko a jikinsa. Ya saya mini burodi mai zafi a tasha, ya ce, "Kin ga yadda hannunsa ke rawa? Tsoronki yake ji."

"Kawu, ai ni na faɗi."

"Amma ba ki yi arha ba."

Kamar in haɗiyi zuciya! Sakandaren da aka kai ni ba a wasan, ban sake zama a wata gasa ba har yau. Shi kuwa ko sau ɗaya bai ce in yi haƙuri ba. In an yi baƙi ma labarin yake ba su da alfahari.

Yanzu ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, ya bar kara. Yaransa ta waya suke nuna rago, a taya a sallama ba a haɗa hannu ba, abin da yake cewa ba ciniki ba ne. Jiya na je gaishe shi, ranar zagayen ƙarshe, na zauna kusa da shi a zaure ina kallo ina faɗa masa abin da ke gudana. Na ce wanda ke kan gaba rabin maki kawai yake nema ya je ya kara da zakaran duniya. Can abokin karawarsa ya yi tayin canjaras. Mutumin nan ko ɗar bai yi ba, ya karɓi hannu, ɗaki ya ɗauki tafi.

Na ce, "Kawu, kun ji? Gwanin duniya ne fa. Tayin farko ya karɓa, ga shi ya wuce."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na zaci zai ce mutumin ya yi arha. Sai ya ce, "Ashe rabin nan da gaske yana kai mutum."

"Yana kaiwa."

"Ke ma da ya kai ki?"

"Da ya kai ni, Kawu."

Sai ya lalubo inda nake, ya miƙo hannu.

"To, Uwata, ni da ke mu yi canjaras."

Na dubi hannun nan. Shi ya riga ni miƙowa, kuma shi ya koya mini abin da hakan ke nufi. Na kama shi da hannuna biyu, na riƙe gam.

Na ce, "Albarka, Kawu."