Ranar da Matan Hamdara Suka Zo Bin Kadin Balki

Har gobe ban manta da ranar da matan ƙauyen Hamdara suka cika mana harabar gidan radiyo a nan Damagaram ba. Lokacin ni ke rubuta wasan kwaikwayon da muke sawa kowace Laraba da la'asar. Ku sababbin shiga ku san tsarin: marubuci ya rubuta, darakta ya sa hannu, sannan 'yan wasa su shiga ɗauka.

A wasan akwai Balki, mai sayar da man gyaɗa, mace mai baki. In dillali ya so cutar ta, sai ta wanke shi tas a tsakiyar kasuwa. Ranar Juma'a muke buɗe wa masu saurare layi, kuma kullum a kanta ake kacamewa. Wani tela ya ce ba ta da kunya, tana ɓata musu mata. Wata malamar lakkol, wato makarantar boko, ta ce da namiji ne, da jarumi aka kira shi.

Da surutu ya yi yawa, darakta ya kira ni ofishinsa.

"Malam Issufu, a sassauta ta. Ta yi nadama, ta nemi gafara. In ba haka ba, a cire ta."

Cire ta kuwa na nufin Zeinabu, mai yin muryarta, ta koma gida ba aiki. Sai na rubuta. Balki ta yi kuka, ta durƙusa wa dillali. Zeinabu ta karanta fuska a murtuke, kwana uku ba ta gaishe ni ba.

Washegarin da aka sa wasan, da hantsi, sai ga mota cike da mata masu matsar mai. Jagorarsu wata dattijuwa ce, Inna Hasiya.

"Wa ya sa Balki kuka?" in ji ta.

Darakta ya nuna ni da haɓa.

"Ɗana, tsakanin ita da dillali wa ya tauye awo?"

"Dillali, Inna."

"To gafarar me take nema?"

Har na fara jin daɗi a raina an zo kare Balkina ta asali, sai tsohuwa ta ƙara:

"Ita ma ta da ɗin ba mu ba ce. Kullum faɗa, faɗa! Ba ta dariya ne? Ba ta gajiya? Ko ƙawa ɗaya ba ka yi mata ba."

Darakta ya gyara murya ya ce, "Inna, abin da nake ta gaya masa ke nan."

Matan suka tuntsire da dariya, har da Zeinabu da ke laɓe a ƙofa.

Asabar na tafi Hamdara, na wuni gefen kaskon tuyar ƙuli-ƙuli, biro da takarda a hannu. Balki ta dawo da bakinta, amma ta samu aminiya, ta samu ciwon baya, ta iya tsokana. Gardama ba ta ƙare ba, sai dai ba wanda ya sake zancen cire ta.

Abin da na koya shi ne, shekara guda na yi ina jin masu zaginta da masu yabonta ta waya, ban taɓa taka ƙafa na tambayi matan da na ari bakinsu ba.