Tasi'u da Karen da Ya Kwanta a Kabarin Zuliha

Kafin mata su fara daka, Tasi'u ya riga ya isa bayan dangarsa, inda akurkai suke jere a gindin shingen maƙabartar Unguwar Ɗinya. Ba na kaji ba ne. Na karnuka ne, ya saƙa su da tsumagiyar geza, ya yi wa kowanne rufin ciyawa da 'yar ƙofa. Yakan buɗe ɗaya ya tsaya. Ba ya kira, ba ya ja. Kare ya fito ya yi miƙa, ya bi shi har juji, can ƙarshen gonar gero. A nan Tasi'u zai juya baya kamar mai ba babban mutum wuri, sai dabba ta gama abin da ya kawo ta. Sannan ya ce, "Madalla," ya ciro ɗan ƙanzo daga aljihu ya miƙa mata. Ya koma ya buɗe na gaba.

Haka yake yi tun gemunsa yana baƙi. Yanzu gwiwa ta ƙi, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ya ce daga kakar bana ya ajiye aikin. Masu wucewa kasuwar Tsanyawa suna ganinsa su sunkuyar da kai su ƙara sauri. Ba mai yi masa sallama. Kuma kwanan nan maganar da ake yi a majalisar ƙofar masallaci ta iso kunnena: wai ranar da ya mutu, bayan shinge za a sa shi, ba cikin Musulmi ba. Shi ya sa ni Kulu, yayar marigayiya Zuliha, na ce sai an rubuta wannan an karanta wa kowa. Na faɗa da baki shekara da shekaru, aka mai da ni mahaukaciya.

A shekarun fari abin ya faro, lokacin da ruwa ya ɗauke, gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Aka ci tafasa, aka ci dusa, har dusar ta gagara. Ƙananan gidajen gona suka watse, kowa ya nufi birni. Mai tafiya ya ɗauki tabarma da tukunya, amma ba mai ɗaukar kare. Karnukan da aka bari suka haɗu suka zama garke. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne sun daina haushi. Da rana tsaka, in an ɗauko makara, sai a gan su zaune a iyakar gona, a jere, haƙarƙari a waje, suna bin masu gawa da ido. Ko jela ba sa kaɗawa. A jefe su da hoge, su matsa kaɗan su sake zama.

Ƙanwata Zuliha tana zaune a Gidan Kaɗanya, bayan fadama. Mijinta maharbi ne, ya rasu ya bar mata wani baƙin kare, Ɗanbaƙi. Kowa ya tashi daga wurin, ita ta ƙi. Amai da gudawa ya same ta, kafin labari ya zo mana ta cika. Aka kawo ta nan, ni na yi mata wanka. Aka binne ta, aka lulluɓe kabarin da ƙaya kamar yadda aka saba.

Washegari da hantsi, Tasi'u, wanda a lokacin shi ke saro ƙaya yana gyara shingen maƙabarta, ya tarar an janye ƙayar gefe. Ɗanbaƙi yana kan kabari, hanci duk ƙasa, dagi duk jini. Kafin azahar maza sun taru da sanduna.

Mai unguwa Muntaka, da ƙuruciyarsa da sabon rawaninsa, ya ce, "A kashe shi. Ya ji warin mutum. Gobe na wani zai tona."

Tasi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba ramin tukuna."

"Mu duba me? Ko so kake sai ya fito mana da ita?"

"Ramin bai yi zurfi ba. Da ci yake nema, da ƙasa ya nufa. Wannan faɗi ya yi, daidai jikinsa. Wurin kwanciya ya haƙa."

Audu mahauci ya ce, "To ka kai shi ɗakinka mana, ka shimfiɗa masa buzu, ku riƙa jam'i tare."

Aka fashe da dariya, irin dariyar masu yunwa, wadda ba ta daɗewa. Tasi'u bai yi ba. Ya tuɓe rigarsa ya jefa a kan karen, ya rungumo shi, ya sha cizo a hannu har tabon yana nan yau. Ya ce, "A ba ni shi. In ya sake taɓa kabari, ni zan kashe shi da hannuna."

A shekarar da uwa take raba loma tsakanin 'ya'yanta, shi ya ɗauko wani baki ya ƙara wa kansa. Rabin tuwonsa yake ba shi.

Kada wani ya ce da sauƙi ya samu. Akurkin farko da ya saƙa ya yi girma, kamar ƙaramin rumbu, don a ganinsa tausayi ke nan. Kare ya kwanta a lungu ɗaya, ya yi kashi da fitsari a ɗayan. Tasi'u ya warware ya sake wani, daidai tsayuwa da juyawa da kwanciya, tunda ya lura dabbar ba ta son ƙazanta kusa da haƙarƙarinta. Wannan kuma Ɗanbaƙi ya ƙi shi sam. In an rufe ƙofa sai ya fara wani kuka siriri, ba haushi ba, kamar tsohuwa tana kiran suna daga cikin rijiya. Mata masu surfe su ajiye taɓarya. Ya ciji geza har bakinsa ya fashe, ya fice. Ina za a same shi? Kan Zuliha, a cikin ramin nan nasa.

Muntaka ya aiko cewa haƙurinsa ya kusa ƙarewa.

Ranar nan Tasi'u ya yi sallama a ƙofar gidana, ya tsuguna nesa da zaure. Ya ce, "Yaya Kulu, roƙo na zo yi, kuma mai nauyi ne. Ko akwai wani tsumma na marigayiya da ba a wanke ba?"

Na ce, "Me za ka yi da shi?"

Ya ce, "Karen nan ba kabari yake so ba. Ita yake nema. In ya ji ƙanshinta a akurki, zai zauna."

A nan garin, wadda ta wanke gawa akan ba ta zanen mamaciya. Na Zuliha yana hannuna, baƙin saƙi mai jan layi a tsakiya, wanda ba sunan da ba ta je da shi ba, ba bikin da bai gan shi ba. Nawa ne, halak malak. Na shiga na ɗauko na ba shi. Ba wanda ya tilasta ni, kuma yau ma aka tambaye ni zan sake bayarwa.

Na bi shi na ga abin da idona. Ya shimfiɗa zanen a cikin akurki, ya bar ƙofa a buɗe, ya koma gefe. Karen ya matso. Ya sa hanci. Ya shiga, ya zagaya a kai, ya kwanta, ya saki wata ajiyar zuciya irin ta mutum. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ba zan ɓoye ba, haka Zuliha take kallona in na daɗe ban je ba. Na yi a'uziyya na koma gida. Daga ranar ba a sake jin kukan nan ba.

Sauran aikin duk haƙuri ne. Abinci a bakin akurki, gobe a ɗan ciki, jibi a can ƙurya. Bai taɓa jefa shi ciki don horo ba, ya ce ɗaki ne, ba gidan yari ba. Da ya farka, juji. Da ya ci, juji. Ranar da ya yi kashi a zaure, Tasi'u bai ɗaga sanda ba. Ya kwashe ya kai juji, ya nuna masa, ya dawo ya zuba toka a wurin don wari ya mutu. Ya gitta kara a bakin ƙofar ɗaki, ya koya masa nan ce iyakarsa. Randa ba tasa ba ce, buta ba tasa ba ce, buzu kuwa ko inuwarsa ba ta hawa. Kafin damina ta dawo, karen da aka ce a kashe ya fi 'ya'yan wasu sanin inda ake tsugunawa.

Sai Audu mahauci ya wuce ya hango zanen a shanye a kan danga.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Wai Tasi'u ya tona kabari ya ɗauko zanen Zuliha. Ku ji fa! Da zane ake binne mutum ko da likkafani? Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa. Wai maye ne, ya kama kurwarta ya cusa a jikin kare, shi ya sa karen yake kwanciya a ɓarin dama yana fuskantar gabas kamar gawa. To ina zai fuskanta, ƙofar akurkin gabas take kallo?

Na yafa mayafi na tafi zauren mai unguwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ba shi zanen nan da hannuna."

Muntaka ya dubi dattawa, ya girgiza kai. Ya ce, "Kulu, koma gida. Duk wanda aka shanye haka yake faɗa."

Shi ke nan. Da wannan magana guda aka binne mutum yana numfashi. Da mahaifiyar Tasi'u ta rasu ya yi wainar sadaka, aka dawo masa da ita ba a taɓa ba. A masallaci sahu yakan tsage, a bar masa fili dama da hagu. A bakin rijiya, in gugansa ya shiga, sai a jira ruwa ya lafa. Bai kai ƙara ba, bai bar gari ba, bai fasa gyara shingen da iyayenku suke kwance a ciki ba.

Fadima matar Hadi tana da rai, a je a tambaye ta. Tana itace da yamma ta ga garken karnukan nan marasa haushi sun nufo maƙabarta, washegarin da aka binne jaririnta. Akwai ɓaraka a shinge. Ɗanbaƙi ya fito daga akurki ya tsaya a ɓarakar. Bai yi haushi ba, su ma ba su yi ba. Suka yi ta kallon juna har inuwa ta yi tsawo, sannan suka juya ɗaya bayan ɗaya suka shige cikin karan dawa. Tun daga lokacin ba a sake taɓa kabari a Unguwar Ɗinya ba.

Da ɓarayin awaki suka addabi gari, wa aka nema? Ta bayan gona ake zuwa, da kwikwiyo a cikin buhu, a ajiye masa a gindin danga a tafi ba gaisuwa. Audu ma ya kawo nasa, na gan shi. Karen da aka tsinta a kasuwa da ƙaya a ƙafa, wanda aka jefar a kududdufi, duk Tasi'u ya gyara su ya mayar wa masu so. Kare daga hannunsa ya halatta, ruwa daga hannunsa bai halatta ba. Wannan wane irin Musulunci ne?

Ɗanbaƙi ya tsufa ya mutu. Tasi'u ya naɗe shi a zanen ya binne bayan shinge. Amma duk shekara, in ruwan farko ya sauka, ƙasar kan kabarin Zuliha takan lotsa, faɗi ba zurfi ba, daidai kwanciyar kare. Ya cike, baɗi ta dawo. Ban san mene ne ba, kuma ba zan yi wa Allah shisshigi ba. Abin da na sani, ba Tasi'u ne yake haƙa shi ba.

Tasi'u, gagara-cizo, kai ne ka ga marayan da ba wanda ya gani. Kai ne ka raba tuwonka da dabba a shekarar da ɗan'uwa yake rufe ƙofa in zai ci. Kai ne ka tsare matattunmu, rayayyunmu suka ƙi ba ka hannu. Na gode. A madadin Zuliha ma na gode. Allah Ya saka maka da abin da garin nan ya hana ka.

Ranar kasuwar da ta wuce na je ƙofarsa da rana tsaka, daidai lokacin da hanya ta cika. Na ce, "Tasi'u, kawo akushinka."

Ya ce, "Yaya Kulu, za su haɗa da ke."

Na ce, "Yaushe suka raba?"

Na zauna a ƙasa na ci tuwonsa da miyar kuka har na suɗe hannu, na sha ruwan randarsa, masu wucewa suna kallo. Ga ni nan. Ban mutu ba, ban yi haushi ba.

Saura kai, Muntaka. Rawaninka ya tsufa, amma bakinka bai mutu ba. Da shi ka ɗaure, da shi za ka kwance. Ranar Juma'a, kafin mutane su watse, ka tashi ka ce Kulu ce ta ba shi zanen, ka ce wurinsa yana cikin shinge tare da kowa, sannan ka je ka kama hannun nan mai tabo. In ka ƙi, zan zo in tsaya a ƙofar masallaci in faɗa da kaina, kuma ka san muryata.

Ku kuma matasa, maimakon jifan karnukan da yunwar yanzu take korowa daga ƙauyuka, ku je ku zauna wurinsa ku koyi saƙar geza da haƙurin juji tun idonsa ɗaya yana gani.

Na riga na bar wa wadda za ta wanke ni wasiyya. Zanena ba nata ba ne. Kada ta wanke shi. Akwai wata 'yar karya ja mai ɗingishi a akurkin ƙarshe, wadda ta saba kwanciya a ƙofata. A kai wa Tasi'u zanen, a gaban kowa, da rana tsaka.