Takobi a Wuyan Makiyayi

Yau ƙungiyar masu wasan takobi ta Daura ke gasarta ta farko, amma wani dogon mutum ya hana idona sakat. Ya kasa zama. Sai kai-kawo yake a bakin fili, yana gyara hular ƙarfen da ta yi masa yawa, yana waigen hanyar Zango. Can ya ɗora dogon takobinsa marar kaifi a bayan wuya, ya rataya hannuwa biyu, kamar mai tsaron garke.

"Malam Dabo, ba sanda ba ce!" in ji alƙalin wasa. "Sauke, kai ne na gaba."

Ya sauke da sauri, kunya ta kama shi. Ina jin shanunsa sun daɗe da ƙarewa, kafaɗunsa ne ba su samu labari ba.